Kundin Aikin Gyara Mazaunin Kwaɗo Mai Tsinin Hanci

9 ga Fabrairu

An buɗe wannan kundi ne domin aikin gyara wani tafkin damina da gaɓarsa, saboda ɗan ƙaramin kwaɗon nan da masana ke kira Hemisus marmoratus. Masanin dabbobi Wilhelm Peters ne ya fara bayyana shi a 1854. Ana samunsa a filayen ciyawa na Afirka kudu da Sahara, tun daga Senegal har Habasha, ya gangara zuwa arewacin Afirka ta Kudu. Namiji bai cika wuce santimita 3 da rabi ba, mace kan kai 5. Jikinsa a dunƙule yake, kansa ƙarami, hancinsa mai tsini da tauri, idanu ƙanana, ga wata tattarar fata da ta ratsa kan daga bayan idanu. Yawancin kwaɗin da ke shiga ƙasa da ƙafafun baya suke tona, su nutse da baya-baya. Shi kuwa da ka yake shiga, hanci na hudawa, ƙafafun gaba na ture ƙasa. Abincinsa gara da tururuwa.

A jerin ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ba ya cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Sai dai hakan bai hana shi ɓacewa daga tafki guda ba idan gaɓar ta lalace, domin ba a cikin ruwa yake ƙwai ba. Macen kan haƙa ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da inda ruwa zai taru, ta zuba ƙwai galibi 150 zuwa 200, ta zauna tare da su. Saboda haka abin da aikin nan ya sa a gaba shi ne zirin ƙasar da ke zagaye da tafkin, wanda ke da danshi a farkon damina, ruwa kuma ya rufe shi daga baya.

16 ga Fabrairu

Awon farko. Tafkin ya bushe ƙaf, ƙasan ya tsattsage. An bi alamar da ruwan bara ya bari a jikin ciyawa da gindin itatuwa, aka kafa turaku a kai kowace mita 5. Da tiyon ruwa irin na magina aka ɗauki bambancin tsayi daga wannan layi zuwa tsakiya.

Matsala biyu suka fito. A gabas an taɓa ɗibar ƙasa, gaɓar ta zama katanga mai tsayin kusan mita ɗaya. Ruwa zai hau jikinta ya sauka ba tare da ya malala ko'ina ba. A yamma da kudu gangaren na da kyau, amma kofaton shanu ya daɓe ƙasar.

Ana gwada daɓewa ta hanya biyu. Ta farko, a tura rodi mai kaurin milimita 10 da ƙarfin hannu kawai, a auna inda ya tsaya. Ta biyu, a yanke gwangwani mai faɗin santimita 15, a buga shi santimita 7 cikin ƙasa, a zuba ruwa mililita 440, wato zurfin santimita 2 da rabi, a ƙirga mintunan da zai shanye. Zubi na biyu ake rubutawa, domin busasshiyar ƙasa kan shanye na farko ta tsagogi ta ruɗi mai awo. A ƙarƙashin sarƙaƙiyar arewa rodin ya shige cikin sauƙi. A mashayar shanu ko tsininsa bai nutse ba.

2 ga Maris

An fara kwantar da katangar gabas zuwa gangaren 1 cikin 10, ma'ana kowace mita 10 a kwance ƙasa ta sauka mita ɗaya. Amfanin wannan lissafi a fili yake: idan ruwa ya hau santimita 20, zai rufe zirin ƙasa mai faɗin mita 2. A tsohuwar katangar, wannan hawan bai rufe ko taƙi guda.

Da shebur da diga ake aikin, ba a kawo mota ba, don nauyinta zai daɓe abin da ake son sassautawa. Ƙasar sama, santimita 15 na farko, ana kwashe ta gefe daban, a gyara gangaren da ta ƙasa, sannan a mayar da ita a bisa. A cikinta irin ciyawa da saiwoyi suke. Mai haƙa yana duba kowane shebur kafin ya jefar, domin a rani kwaɗin na kwance cikin ƙasa. Wanda aka tono a sa shi a bokiti mai ƙasa mai ɗan danshi, a inuwa, a mayar da shi ƙarƙashin sarƙaƙiya da magariba. Kada a jefa shi cikin ruwa. Ba ɗan iyo ba ne sosai.

An yanke shawarar ba za a ƙara wa tsakiyar tafkin zurfi ba, ko da yake duk wanda ya zo wucewa shawarar da yake bayarwa ke nan. Zurfinsa a cike santimita 70 ne, kuma ya isa. Tafkin da ba ya ƙafewa kifi ke gadonsa, kifi kuwa ba ya barin talibambam. Bushewar kowace shekara ita ce ke share wurin daga kifi da sauran masu farauta a ruwa.

23 ga Maris

Gangaren gabas ya kammala. A yamma da kudu an sassauta ƙasa da cokalin haƙa zuwa santimita 20, ana sokawa ana girgizawa ba tare da juya ta ba.

Shinge: waya mai ƙaya layi huɗu, turaku kowace mita 3, an ja shi mita 15 daga layin ruwan bara. Ba a rufe tafkin gaba ɗaya ba. An bar mashaya mai faɗin mita 6 a kudu, aka shimfiɗa mata tsakuwa har cikin ruwa. Shingen da ya hana dabba ruwa kwata-kwata ba ya kwana biyu a tsaye, kuma gara kofato ya taru a wuri guda mai tsakuwa da ya zagaye gaɓa duka.

6 ga Afrilu

Inuwa da rufin ƙasa. An shimfiɗa busassun ganyaye da yankakkiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 8 a kan sabon gangaren, aka danne da rassa don iska. An kwantar da guntayen ruɓaɓɓun itatuwa nan da can, rabinsu a binne. Aikinsu biyu: suna riƙe danshi, suna kuma jawo gara. Surin da ke cikin shinge an bar shi yadda yake, kuma an sanar da masu aiki kada a zuba masa magani. Dashen gamba sai ruwa ya zauna.

An kafa sandar auna zurfi a tsakiya, da zane kowace santimita 5, da ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da itatuwa.

20 ga Afrilu

Tarkon ƙidaya. An ja katangar leda mai kauri, tsawon mita 30, daura da gaɓar arewa. Faɗin ledar santimita 60: 40 a sama, 20 a ƙasa. Ga sauran kwaɗi binne santimita 10 kan wadatar, amma wannan idan ya ci karo da leda sai ya sa kai ya bi ta ƙarƙashi. Don haka aka ƙara zurfin, aka kuma daddale ƙasar gindin da ƙafa. Bokitai masu lita 20 guda bakwai, ɗaya kowace mita 5, an binne su bakinsu daidai da ƙasa, ledar ta ratsa tsakiyar bakin kowanne don ya kama daga ɓangarori biyu. Idan bakin bokiti ya ɗara ƙasa ko da santimita ɗaya, kwaɗon zai kewaye shi.

A gindin kowane bokiti an huda ƙananan ramuka na milimita 3 don ruwa ya tsiyaye, an sa jiƙaƙƙen soso, da ƙasa mai laushi santimita 3, da ɗan katako da zai yi iyo idan ruwa ya taru. A sama an ɗora allo bisa duwatsu don inuwa. Ƙa'ida: ana buɗe bokitai ne kawai a daren da za a iya duba su da asuba. Sauran lokaci murfi na kai. Kwaɗo mai wannan girma ba ya jure rabin yini a bokitin da rana ta buga.

Tsabtar kaya. Akwai cutar fata ta kitirid, wadda ƙwayar Batrachochytrium dendrobatidis ke kawowa, an ba ta suna a 1999, kuma ta ƙarar da kwaɗi masu yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya. Laka a takalmi da raga na iya ɗaukar ta daga tafki zuwa tafki. Ana kankare lakar tukuna, sannan a jiƙa kayan cikin ruwan bilic mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na aƙalla minti ɗaya. Idan kwalbar ta ce kashi 4, sai a haɗa awo ɗaya na bilic da uku na ruwa. A ɗauraye nesa da tafki, a shanya su bushe sarai. Kowane kwaɗo da ledarsa, ba a maimaita ta ga wani.

11 ga Mayu

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka. Ƙasa ta jiƙe, tafkin bai riƙe komai ba sai 'yan kwatamai da suka ƙafe kafin azahar. Da dare an ji kukan kwaɗin daga sarƙaƙiyar arewa: doguwar ƙara mai kaɗawa ta 'yan daƙiƙoƙi, wadda wanda bai saba ba zai ɗauka gyare ne. Namijin na kuka daga ƙarƙashin ganye ko bakin rami, shi ya sa nemansa da tocila ɓata lokaci ne.

Tsarin sauraro: wurare huɗu tsayayyu, minti 5 a kowanne, a fara rabin sa'a bayan faɗuwar rana. Ana ba yawan kuka maki: 0 shiru. 1 ana iya ƙirga masu kuka ɗaya-ɗaya. 2 kukan na haɗuwa amma ana rarrabewa. 3 ya zama amo guda. Ana naɗa da waya don a sake saurara. Arewa ta ba da 2, yamma 1, sabon gangaren gabas shiru.

Waɗanda suka faɗa bokiti ana auna su a cikin leda mai haske: a kwantar da ledar kan rula, a auna daga hanci zuwa dubura, a ɗora kan sikeli mai nuna kashi goma na giram, a cire nauyin leda. Maƙogwaron namiji baƙi-baƙi ne, mace ta fi girma da cika. Ana ɗaukar hoton bayan kowanne, don zanen jikinsu ya bambanta, kuma da shi ake gane wanda aka sake kamawa ba sai an yanke yatsa ba. Idan aka taɓa shi yakan kumbura, wannan na ɓata awon tsawo; a bar shi minti biyu ya saki jiki. A sake shi a ɗaya ɓangaren katangar ledar, inda ya nufa.

19 ga Mayu

Kwarkwasa ta bi layin bokitai. An rufe duka, an kwashe soso da ƙasar ciki. Ba a sa maganin ƙwari, don fatar kwaɗo na shan duk abin da ta taɓa. Sai rundunar ta wuce za a sake buɗewa.

1 ga Yuni

Ruwa ya ɗauke tun tsakiyar Mayu. Wannan shi ne lokacin da ake gane ko gaɓa ta yi ko ba ta yi ba.

Yadda haihuwarsu take: namiji kan riƙe mace a ƙugu, ita ta haƙa ta ja shi zuwa cikin ƙasa. Bayan an zuba ƙwai ya fita, ita ta zauna. A saman tarin ƙwan akwai wasu ƙwayoyin yauƙi marasa ɗa, masu kare na ƙasa daga bushewa. Bayan kamar mako guda ko fiye kaɗan sai su ƙyanƙyashe, talibambam su zauna a ɗakin suna jiran ruwa. Binciken da masana Kaminsky da Linsenmair da Grafe suka wallafa a 1999, daga gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa, ya nuna ana gina ɗakunan tun kafin tafkuna su cika, kuma uwa kan yi wa 'ya'yanta jagora zuwa ruwa. Ribar wannan dabara ita ce ranar da tafki ya cika, 'ya'yansa sun riga na kowa shiga, sun kuma fi su girma. Hasararta kuwa, idan ruwa ya yi jinkiri komai ya rataya ne a kan danshin ɗan ɗakin.

Ba a tona don neman ɗaki. Ɗakin da aka buɗe ya rasa danshinsa, tururuwa kuma ta samu ƙofa. Abin da ake yi shi ne gwada ƙasa a wuraren awo da aka keɓe: a ɗebo daga zurfin santimita 10, a matse a hannu. Idan ta dunƙule, da sauran danshi. A ƙarƙashin sarƙaƙiya da ƙarƙashin itatuwan da aka kwantar tana dunƙulewa. Inda iska ta yaye shimfiɗar ganye a gabas ta koma gari. An ƙara shimfiɗa a can, aka danne da rassa masu nauyi.

An tattauna batun ban ruwa da hannu, aka ƙi. Jarka ba ta jiƙa zirin mita 15, kuma zirga-zirgar masu ɗauko ruwa za ta tattake ainihin wurin da ɗakunan suke. An ma hana shiga zirin baki ɗaya sai ta kan allunan da aka shimfiɗa zuwa bokitai.

14 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sanda ta nuna santimita 45, ruwan ya hau gangaren yamma da na gabas. Bokitai biyu na can ƙasa sun taso sama, domin ruwan cikin ƙasa ya ture su. Ramukan gindi ma maimakon su fitar da ruwa sai suka shigo da shi. An cire su, an cike ramukan. A ƙasa mai yumɓu bokitin da ke kusa da layin ruwa ba shi da magani sai a matsar da shi tudu.

A gabas ruwan da ya gangaro daga gona ya yanka ɗan kwazazzabo a sabon gangaren, don ba a kai ga dasa ciyawa ba. An jera duwatsu layi biyu a samansa, bisa layin da tsayinsa ɗaya, aka dasa gamba a bayansu, tsiro kowace santimita 30.

17 ga Yuni

Ɗibar talibambam da raga mai ido milimita 1, ja goma na mita ɗaya-ɗaya a wurare tsayayyu, a juye cikin farin tire mai ruwan tafkin. Safar hannu, in za a sa, a ɗauraye ta tukuna, don wasu nau'o'inta na cutar da talibambam. Na Hemisus sun fito a gefen arewa da yamma, manya idan aka kwatanta da kwanakin da tafkin ya yi da ruwa, jelarsu mai faɗin fiffike. Girman nan shi ne shaidar cewa a ɗaki suka ƙyanƙyashe tun Mayu. Ƙananan baƙaƙe masu tafiya a gungu na kwaɗon gida ne.

8 ga Yuli

Masu cin talibambam sun iso: 'ya'yan mazari, manyan ƙwarin ruwa, kunkurun ruwa, da talibambam na bududdugi, waɗanda ke cin na wasu kwaɗi. Ba a taɓa ko ɗaya. Da su tafkin damina ya saba, kuma saurin shigar ruwa da girman jiki su ne kariyar wannan kwaɗo daga gare su. Abin da aka ƙara kawai rassa ne a ruwa mara zurfi, don maɓoya daga zalɓe da balbela.

27 ga Yuli

Feshi. An samu kwalbar maganin ciyawa a mashaya, alamar an wanke tankin feshi a nan. Yawancin magungunan ciyawa na gilayifoset ana haɗa su da sinadarin da ke sa magani ya manne a ganye, kuma an tabbatar wannan sinadari na kashe talibambam, sau da yawa fiye da maganin kansa. Tafki ƙarami mara mafita ba ya tsarma abin da aka zuba masa. An zauna da masu gonakin da ke kewaye, aka amince da abu uku: ba wanke tanki a tafkin, an ajiye duro da ramin tsiyaya mita 50 daga gaɓa, a ɓangaren da ruwa ba ya gangarowa ciki, ba feshi a cikin mita 15 na shinge, ko a ranar da hadari ya haɗu. Ɗibar raga bayan kwana biyu ba ta nuna matattu ba.

18 ga Agusta

Tafkin ya cika ya tumbatsa ta kudu maso yamma, ya haɗu da rafi na kwana biyu. Tarwaɗa ta shigo. Ita ko jiƙaƙƙiyar ciyawa ta samu takan ja jiki ta ƙetara. An sa gorar kamun kifi da yamma, ana cirewa da safe, ana sakin duk kwaɗon da ya shiga. Ba za a kwashe ta duka ba, rani ne zai ƙarasa sauran. Gyaran da ya dace shi ne a ɗaga bakin mafitar da dutse yadda ruwa zai faɗo daga tsayin santimita 30 zuwa 40, kifi ya kasa haurowa. Ba a yin sa yanzu da ƙasa ke taɓo.

Ƙananan da suka gama rikiɗa suna faɗawa bokitan tudu tun cikin Yuli, wasu da ragowar jela. Su suka fi saurin bushewa, don haka duba ya koma sau biyu, asuba da magariba. An ji kuka maki 1 a gabas bayan ruwan daren 15 ga wata, karo na farko a sabon gangaren. Kuka bai nuna an yi ɗaki ba. Sai an ga manyan talibambam a wannan gefe a farkon cikar baɗi za a iya cewa gangaren ya karɓu.

29 ga Satumba

Ruwa na ja da baya. An cire leda da bokitai, an cike ramuka, an wanke kaya da bilic an shanya. Bokitin da aka manta a ƙasa tarko ne har ya ruɓe, shi ya sa ake ƙirga su da lamba. Gwajin rodi a yamma ya nuna ƙasa ta fi ta Fabrairu laushi, sai dai wannan awon damina ne; kwatanci na gaskiya sai an maimaita a Fabrairu, a wurare guda, da rodi guda.

20 ga Oktoba

Ayyukan rani. A share hanyar tare wuta mai faɗin mita 3 a wajen shinge kafin ciyawa ta gama bushewa, domin gobara ko ba ta kai ga kwaɗon da ke cikin ƙasa ba, tana cinye ganyen da ke riƙe masa danshi. Gambar cikin shinge za a yanke ta a bar santimita 30, a shimfiɗa yankan a gabas. Bakin mafita sai Janairu, bayan tafkin ya ƙafe an tabbatar ba sauran tarwaɗa a cikin laka. Turaku huɗu na kudu gara ta ci gindinsu, za a musanya da na ƙarfe. Layin bokitai na baɗi zai koma mita 4 zuwa tudu, a kuma ja na biyu a gabas mai tsawo ɗaya da na arewa, don a iya kwatanta su.